Imel Ɗin da Muka Kai Bakin Ramin Zinari

Akwai abin da mutum kan manta tun kafin ya kai gida, akwai kuma wanda ko daga barci aka tashe shi zai ba da labarinsa tiryan-tiryan. Nawa shi ne wata Asabar ta tsakiyar damina da na tsaya a bakin ramin haƙar zinari, cikin daji bayan Randagi, ina karanta saƙon imel da ƙarfi a gaban ƙarti. Wannan rana ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina aiki da wata 'yar ƙungiya a Birnin Gwari, mai renon itatuwa tana dasawa a wuraren da aka sare a gefen dajin Kamuku. Babban ofishinmu yana Kaduna. Ni ne akawu, ni ne mai kwamfuta, ni ne kuma mai tayar da janareto idan an ɗauke wuta. Shugabarmu wata dattijuwa ce 'yar ƙasa, Kirista, daga wani ƙauye a bakin dajin. Ta yi shekaru tana aikin gandun daji kafin ta yi ritaya ƙungiyar ta ɗauko ta. Kowa Mama yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ba ta da tsawo, ba ta da ɗaga murya. Idan ranta ya ɓaci sai ta koma yarensu na Gbagyi tana magana ƙasa-ƙasa, mu kuma kowa ya kama kansa.

Mama tana da wata al'ada da ta ishe ni a wancan lokacin. Duk wanda aka ɗauka aiki, Kaduna takan aika masa takardar kama aiki da Turanci, mai hatimi da sa hannu. Ni a ganina magana ta ƙare ke nan. Ita kuwa sam. Sai ta jawo kujera ta zauna a bayana, ta ce a rubuta wa kowane sabon ma'aikaci imel nasa shi kaɗai, da Hausa, kafin ranar da zai fara. Tana faɗa ina bugawa. Idan daga Kaduna mutum zai taso, ya shiga motar farko ta safe, kada ya yarda la'asar ta same shi a hanya. Ya taho da takalmin roba. Masallaci yana bayan ofis, coci yana hanyar kasuwa. Mai abincin gindin mangwaro ta iya miyar kuka amma hannunta ya cika yaji, a gaya mata tun da wuri. Daga nan sai ta faɗi dalilin da ya sa aka zaɓi mutumin, shi ɗin nan, ba wani ba. A ƙarshe kuma tambaya ɗaya ce ga kowa: wane itace kake so ka dasa a harabar ofis ranar da ka zo, mu tanadar maka?

Na sha ce mata mu rubuta guda ɗaya mu tura wa kowa, mu huta. Sai ta ce, "Ɗana, idan baƙi shida suka shigo gidanka, sannu ɗaya kake jefa musu su raba?" In ci gaba da bugawa, ina ƙunƙuni a ciki.

A wannan shekarar mutum shida aka ɗauka. Ranar Laraba muka wuni muna rubutu, aka tura. Litinin za su fara. Dokar Kaduna kuwa ba ta da kwana: wanda bai bayyana ba kafin azahar ɗin Litinin, a goge sunansa a kira na farko a jerin masu jira. To, a nan gizo yake saƙa. Na farko a jerin nan ƙanen matata ne. Ba ni na sa shi ba, da ƙoƙarinsa ya kai nan, amma ba zan yi ƙarya ba, kullum na idar da salla sai na ji wani ɓangare na zuciyata yana fatan wani ya fasa zuwa.

Kafin yammacin Alhamis amsoshi shida sun shigo. Na yi wa kowane suna alama, na rufe. Amma tun a lokacin na ga abin da na gani. Mutum biyar sun rubuto da Hausa, kowa da itacensa, wannan mangwaro, wancan maɗaci, wata ta ce zogale don ita mai son kwaɗo ce. Na shidan, wani mutumin wajen Randagi da aka ɗauka ya kula da wurin renon itatuwa, amsarsa layi ɗaya ce da Turanci: an gani, an gode. Adireshin kuma na san irinsa sarai. Akwai wani mai shagon kwamfuta kusa da kasuwa wanda yake cike wa mutane takardun neman aiki. Shi yake buɗe musu imel, ya lanƙaya lambar shagonsa a bayan sunan kowa, ya rubuta lambobin sirrin a wani littafi ya ajiye a aljihun teburinsa. Rabin masu neman aiki a garin nan ba su taɓa buɗe imel ɗinsu da hannunsu ba. Na ƙanen matata ma can aka buɗe. Na san ba mutumin ne ya amsa ba, na kuma san da wuya a ce ya ji labari. Na ja bakina na yi gum.

Da safiyar Juma'a Mama ta jawo kujerarta ta ce in karanto mata amsoshin ta sa a ware itatuwan. Ina karantawa tana dariya, har na zo kan na shida. Na karanta da sauri na wuce.

"Tsaya. Wane itace ya ce?"

"Bai faɗa ba, Mama."

"Bai faɗa ba?"

"Ya dai amsa. An ce a aika, mun aika. An ce a amsa, an amsa. Namu ya ƙare."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Mutumin da ya tsare mu ranar intabiyu yana mana bayanin yadda ake jiƙa irin ɗorawa a ruwan zafi kafin a shuka, har sai da na ce masa ya isa haka? Shi ne za a tambaye shi itace ya yi shiru? Wannan ba bakinsa ba ne." Ta nuna allon kwamfutar da yatsa. "Dubi adireshin nan ka gaya mini tsakaninka da Allah. Ka san inda aka buɗe shi?"

Da ta ce in rantse ne da sauƙi. Amma tsakaninka da Allah daga bakin Mama ba a tsallake ta. Na ce na sani.

Muka taka har shagon. Mai shagon bai ɓoye komai ba, shi a ganinsa ma alheri ya yi. "Wallahi Mama, taimakonsa na yi. Na ga saƙo daga Kaduna, na ga naku, na ce bari in amsa kada a ce ya yi shiru a cire shi. Na kira lambarsa ya fi sau biyar ba ta shiga. Kin san layin wajen nasu, yau akwai gobe babu. Na ba wani ɗan acaɓa sallahu, ya ce sai ranar kasuwa zai shiga." Ranar kasuwar kuwa sai bayan Litinin. Mama ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce ya buga mata imel ɗin a takarda, ta ninke ta sa a leda ta cusa a jaka. A hanyar komawa ta ce mini gobe da sassafe in zo da babur ɗin ofis.

Na ce birkin babur ɗin ba shi da kyau. Ta ce a gyara yau. Na ce hanyar Randagi da damina sai a hankali, ga kuma halin da ake ciki na rashin tsaro. Ta ce za ta tambayi 'yan banga, idan sun ce hanya ba lafiya ba za mu je mu kashe kanmu ba. "Idan kuma lafiya, kai kuma ba ka da hali, ba komai ɗana, sai in hau acaɓa." Ku duba mini, mace mai shekara sittin da ɗoriya, ga ciwon gwiwa, a ce ta tafi ita kaɗai ni ina kwance a gida. Da wane ido zan dubi mutanen gari?

Da na gaya wa matata da yamma, sai ta ajiye ludayi ta ce, "Baban yara, yanzu kai da ƙafarka za ka je ka nemo wanda zai zauna a kujerar ƙanena?" Na ce aike na aka yi. Ta ce, "To, Allah ya ba da ladan aike." Tuwon ranar dai na ci shi ne ba mai ce mini sannu.

'Yan banga suka ce hanya lafiya, amma mu dawo kafin la'asar. Gari na wayewa muka ɗauki hanya. Daga inda kwalta ta ƙare, abin da ya rage sai laka da kwazazzabai, masara ta rufe mu hagu da dama. Sau biyu muna sauka ina tura babur, Mama tana biye da takalmanta a hannu. A wani rafi ruwa ya kawo mini cinya. Na waiwaya in ce mata mu haƙura, sai na ga ta ɗora jakar a ka ta riga ta shiga. Sai na ci gaba da turi.

Da hantsi muka isa ƙauyen, aka nuna mana gidan. Matarsa muka tarar tana daka, da goyo. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, aka gaisa. Da Mama ta faɗi abin da ya kawo mu, sai matar ta dafe ƙirji.

"Wayyo Mama! Ai ya tafi wajen haƙa tun ranar Laraba. Ya jira, ya jira, ya ce shi dama ya sani, aikin ofis na masu uwa a gindin murhu ne. Gonar ma shekara biyu ba mu noma ta ba saboda gudun hijira, bana kuma ba taki. Na roƙe shi har da kuka, na ce ramukan nan da damina ruftawa suke. Ya ce to me yaran za su ci?"

Maganar uwa a gindin murhu ta sauka mini a ƙirji, don na san ko wace ce uwar a wannan zancen. Duk da haka shaiɗan bai bar ni ba. Na ce wa Mama mun yi iya ƙoƙarinmu, mu bar wa matar takardar, idan ya dawo ta ba shi. Mama ta tambayi matar yaushe sukan dawo. Ta ce sai sun yi mako biyu, wani lokaci fiye. Mama ta juyo ta ce mini, "Ka ji. Idan muka bar ta a nan, mene ne bambancinmu da mai shago?" Matar ta kwatanta mana hanya, ta ce mu bi sawun babura ta bayan gari har sai mun ji ƙarar injin niƙa dutse.

Ban taɓa zuwa wurin haƙar zinari ba sai ranar. Daji ne aka yi wa kaca-kaca, ramuka birjik kamar bakin rijiyoyi, jar ƙasa tsibi-tsibi, ko'ina igiyoyi da buhuna. Mutane kuwa duk kala ɗaya suka koma, ba ka gane fari ba ka gane baƙi. Da suka ga tsohuwa ta sauko daga babur da jaka a hammata, sai aiki ya tsaya. Wani ƙato ya ce, "Hajiya, zinari za a saya?"

Mama ta ce, "A'a ɗana, ma'aikacina na zo ɗauka."

Aka kwashe da dariya. Ta faɗi sunansa da ƙauyensu. Aka yi ta miƙa sunan daga baki zuwa baki har ya kai wani rami can gefe, wani ya leƙa ya ƙwala kira. Mutum biyu suka kama igiya suna ja. Can sai ga kai ya ɓullo, da 'yar tocila ɗaure a goshi, sannan kafaɗu, sannan mutum. Ya tsaya yana ƙifta ido saboda hasken rana. Da ya gane Mama sai ya durƙusa a nan cikin laka, fuskarsa duk tsoro. Ya ce, "Mama, lafiya? Wani abu ya sami gida?"

"Gida lafiya, daga can muke. Wasiƙarka na kawo maka."

Ta miƙa masa. Ya dubi hannayensa, ya dubi farar takardar, ya mayar da hannayen baya. Sai ta ba ni ta ce, "Karanta masa. Da ƙarfi, yadda na faɗa maka."

Haka na tsaya, ni akawun ofis, wando jiƙe har cinya, na fara: "Muna yi maka maraba da zuwa cikinmu." Mahaƙan suka matso suka kewaye mu. Da na zo kan takalmin roba wani ya ce ai wannan ya riga ya saba da laka. Da na zo kan mai abinci da yajinta aka fashe da dariya, wani ya ce a tambayo ko tana neman miji. Ni ma na fara sakin jiki. Sai na iso wurin da Mama take faɗin dalili.

"Ba don wani ya yi maka hanya muka ɗauke ka ba. Babu wanda ya kira mu a kanka. Mun ɗauke ka ne don ka fi mu sanin itatuwan ƙasar nan, kuma muna bukatar ka zo ka koya mana."

Ni na buga waɗannan kalmomi da yatsuna ranar Laraba, amma wallahi ban ji su ba sai a bakin ramin nan. Mutumin ya sunkuyar da kai, hawaye suna wanke masa jar ƙasa layi biyu a fuska. Da ƙyar na kai ƙarshe na karanta tambayar, wane itace yake so ya dasa.

Ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Kaɗanya, Mama."

Mama ta ce, "Kaɗanya? Ita da sai mutum ya fara furfura kafin ya ga 'ya'yanta?"

Ya ce, "Ai zama zan zo yi, Mama."

Ihun da mahaƙan nan suka yi, na tabbata an ji shi har Randagi. Suka yi ta bubbuga masa baya, suna cewa ya tafi ya yi musu addu'a su ma Allah ya fitar da su. Ƙaton nan da ya fara yi wa Mama magana ya cire hularsa ya ce, "Hajiya, ni ba a taɓa rubuto mini ko sannu ba. Allah ya yi miki albarka."

Da hayaniya ta lafa, mutumin ya ce, "Amma Mama, yaya aka yi kuka gano inda nake?"

Mama ta dafa kafaɗata ta ce, "Ga shi nan, ɗan'uwanka ne. Shi ya buga wasiƙar, shi ya gane adireshin ba a hannunka yake ba, shi ya tura babur a rafi har muka iso." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Sai dai ba duka gaskiyar ke nan ba, kuma mu biyu mun sani. Mutumin ya manta da laka, ya kama hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka, yana haɗawa da iyayena. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Muka bar shi zai kwana gida ya taho Lahadi. A hanyar dawowa, bayan mun haye rafin, Mama ta zauna a kan dutse tana murza gwiwa. Na kasa riƙewa. Na ce, "Mama, tun Alhamis na gane. Shiru na yi da gangan. Na farko a masu jira..."

"Ƙanen matarka ne. Ai ni na sa hannu a jerin."

"To me ya sa kika yabe ni a gabansu?"

Ta ce, "Da na tona ka, da na samu ma'aikaci ɗaya na rasa ɗaya. Riga na sa maka wadda ta fi ka girma. Sai ka yi ta ƙoƙari har ka cika ta." Ta miƙo hannu na taimaka mata ta tashi. Daga ranar har ta bar aiki ba ta ƙara tayar da zancen ba, ko da wasa.

Ranar Litinin shi ya riga kowa zuwa. Na iso buɗe ofis na tarar da shi zaune a dakali da wankakkiyar riga. Ƙanen matata bai samu wannan aikin ba, kuma na sha fushi a gida na kwana da kwanaki, na haƙura don na san nawa laifin ya fi wanda ake tuhumata da shi. Bayan shekara ɗaya matar mutumin ta haihu, aka aiko mini da goron suna. Na je ina zaune cikin mutane, liman ya raɗa suna, aka sanar. Sunana ne. Uban ya miƙe ya gaya wa jama'a cewa ya sa wa yaron sunan mutumin da ya bi shi har daji ya fito da shi daga rami. Kowa ya juyo yana dubana da sha'awa, ni kuwa ko ɗaga kai na kasa.

Mama ta daɗe da komawa ƙauyensu, ni nake riƙe da ofishin yanzu, ni nake yi wa sababbin ma'aikata maraba. Abin da wannan tafiya ta koya mini shi ne, maraba ba a aika ta a juya baya. Sai ta isa kunnen mai ita, ya amsa da bakinsa, sannan ta zama maraba, ko da kuwa sai an bi shi da ita har daji. Na kuma koyi cewa wani lokaci rufin asiri ya fi bulala gyara mutum. Da Mama ta tozarta ni a ranar, da na yi fushi na mako guda na manta. Amma yau akwai yaro a wajen Randagi da yake amsa sunana saboda alherin da aka ja ni da ƙyar na aikata. Duk ranar da zuciya ta raya mini in kau da kai daga haƙƙin wani, sai in tuna za a wayi gari yaron nan ya girma ya tambaya ko wane irin mutum ne mai sunansa.